Kumbo da Irin Tumatir: Hanyar Shigar Sararin Samaniya Ajin Ɗan Manomin Rani

 Sharhinmu na yau ya shafi makarantun Madobi da na maƙwabtanta, Kura da Bunkure da Garun Malam, ƙasar noman rani, kuma magana ce da wasu za su ji ta bambaraƙwai da farko. Hujja nake son kafawa a kan cewa tafiye-tafiyen da ake yi zuwa sararin samaniya za su iya zama hanyar koyar da kimiyya a waɗannan makarantu, kuma 'ya'yan manoman rani sun fi yawancin 'yan birni shirin cin moriyarta, muddin aka bi ta hannun malami, aka kuma ɗaure darasin da iri da ruwa, abubuwan da yaron ya buɗe ido ya gani a gidansu.

Kafin wani ya ce abin na Turawa ne, ya kamata a tuna cewa Kano tana cikin labarin tun daga tushe. A farkon shekarun 1960, lokacin da hukumar NASA ta Amurka take shirin tura mutum ya zagaya duniya, ta kafa tashoshin bin sawun kumbo a wurare ƙalilan a doron ƙasa, ɗaya daga cikinsu kuwa a Kano take. Ranar 20 ga Fabrairun 1962 John Glenn ya zagaya duniya sau uku, kuma tashar Kano tana cikin waɗanda suka yi magana da shi ta rediyo yana keta sararin Afirka. A watan Agustan 1963 Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa da Shugaba Kennedy suka gaisa ta tarho, muryoyinsu suna bi ta tauraron Syncom 2, wanda shi ne karo na farko da shugabannin gwamnatoci biyu suka yi haka. Daga baya Najeriya ta mallaki nata taurarin. An harba NigeriaSat-1 daga Rasha a watan Satumban 2003, sannan a 2011 aka harba NigeriaSat-2 tare da NigeriaSat-X, wanda injiniyoyin Najeriya suka haɗa da hannunsu lokacin da suke samun horo a Ingila. A 2017 ma Jami'ar Fasaha ta Akure ta shiga wani shiri da wata jami'a ta Japan aka ƙera ɗan ƙaramin tauraro mai faɗin santimita 10, aka sake shi daga tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa. Abin da ke damuna shi ne yaro a Kwankwaso ko Kafin Agur ko Gora zai iya gama sakandare ba tare da an taɓa ba shi labarin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Sai dai ba da labari kaɗai ba ya koyar da kimiyya. Idan aka duba ƙasashen da suka shigar da harkar kumbo cikin aji har ta yi tasiri, za a tarar abin da ya fi kaiwa ga yara da yawa iri ne, irin shuka. A 1984 Amurkawa suka ɗora ƙwayoyin irin tumatir miliyan 12.5 a kan wani tauraro, da niyyar a ɗauko shi bayan kamar shekara guda. Jinkiri da kuma hatsarin kumbon Challenger suka sa bai dawo ba sai watan Janairun 1990. Da ya dawo aka rarraba irin ga makarantu, kowane aji aka haɗa masa da wani irin tumatir ɗin da bai bar ƙasa ba, miliyoyin ɗalibai suka shuka duka biyun suka kwatanta. Kanada ta ɗauki wannan dabara a 2001 da shirin da ta kira Tomatosphere, wanda ya ɗore shekara da shekaru. A Birtaniya kuma, albarkacin zuwan ɗan sama jannatinsu Tim Peake tashar sararin samaniya tsakanin 2015 da 2016, an aika kilo 2 na irin wani ganyen salak ya yi wata shida a can, aka dawo da shi aka raba wa makarantu kimanin 8,600, yara wajen 600,000. Kowane aji ya karɓi fakiti biyu, ja da shuɗi, kuma ba a gaya wa yara ko malaminsu wanne ne ya je sama ba sai da kowa ya gama awo ya aika da sakamakonsa.

Wannan ɓoyewar ita ce gishirin darasin, kuma a nan nake son mu ɗan daɗe. Yaron da ya san fakitin da ya je sama zai fi ba shi ruwa, ko ya fi zuba masa ido, ko idonsa ya nuna masa tsayin da babu. Da aka ɓoye masa, dole ya yi wa fakitin biyu adalci: ƙasa iri ɗaya, ruwa daidai wa daida, rana ɗaya, sannan kullum safiya ya ƙirga nawa suka tsiro ya rubuta, ko abin da ya gani ya yi masa daɗi ko bai yi ba. A ƙarshe kuma bambancin da aka samu bai taka kara ya karya ba. A Birtaniya irin da ya je sama ya ɗan yi jinkiri kaɗan, a Amurka ma tumatir ɗin ya fito tumatir kamar kowanne. Wani zai ce ashe an yi aikin banza. Ni kuwa ina ganin nan ne yaro ya koyi abu mafi wuya, wato ya yarda da abin da awo ya nuna ko da ya saɓa wa abin da yake fata. To wa ya fi ɗan manomin Kadawa buƙatar wannan tarbiyya? Kowace kaka mahaifinsa yana sayen iri a gwangwani ko a ƙulli bisa maganar mai sayarwa, yana sayen taki da maganin feshi bisa abin da ya ji a majalisa. A 2016, lokacin da tsutsar da manoma suke kira sharon ta cinye tumatir a Kano da jihohin da ke kewaye, mutane da yawa sun yi ta feshi da duk abin da aka ce musu yana aiki, babu hanyar tantance mai amfani daga marar amfani. Yarinyar da ta iya jera ƙwayar iri 100 a kan jiƙaƙƙen tsumma, ta rufe, ta dawo bayan kwanaki ta ƙirga 62 sun tsiro, ta san cewa wannan irin kashi 62 cikin 100 ne kawai mai rai, kuma za ta iya hana gidansu asarar renon da ba zai cika fangali ba.

Za a ce, to mu ina muka ga irin da ya je sama? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta ta fi kusa fiye da yadda ake zato. A watan Nuwamban 2022 hukumar makamashin nukiliya ta duniya da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka aika irin dawa zuwa tashar sararin samaniya, ya dawo a watan Afrilun 2023, domin a ga ko zaman can zai haifar da sauyin da zai taimaka wajen jure fari da zafi. A shekarar 2022 ɗin dai 'yan sama jannatin Sin suka noma shinkafa a tasharsu tun daga ƙwaya har ta yi ƙwaya. A watan Agustan 2025 kuma irin agushi daga Najeriya ya je tashar ƙasa da ƙasa ya dawo, bisa ƙoƙarin wani masani ɗan Najeriya, Temidayo Oniosun. Idan agushi ya je, babu abin da zai hana hukumar sararin samaniya ta Najeriya, NASRDA, ta nemi gurbin 'yan giram na irin tumatir ko alkama ko shinkafar da ake nomawa a Kura, da sharaɗin cewa idan ya dawo makarantun gwamnati za a kai shi. Ƙwayar tumatir ba ta da nauyi, giram ɗaya ya ƙunshi ɗaruruwa, don haka abin da bai cika tafin hannu ba zai ishi azuzuwa masu yawa.

Amma ko kafin wannan, tambayar da ta sa ake kai iri sama ana iya yin ta a Madobi gobe da safe. Ta yaya ƙwayar da aka binne cikin duhu take sanin inda ƙasa take, har saiwa ta nutsa, tsiro ya miƙe? Malami ya samo kwalbar gilashi mai faɗin baki, ya naɗe jiƙaƙƙiyar takarda a cikinta, ya cusa ƙwayar wake huɗu tsakanin takardar da gilashin, kowace ta fuskanci wani ɓangare dabam. Bayan kwana uku ko huɗu yara za su ga fararen saiwoyi sun fito, kuma duk inda ƙwayar ta kalla, saiwar ta lanƙwasa ta yi ƙasa. Sai a kwantar da kwalbar a gefenta a bar ta kwana ɗaya. Washegari kan kowace saiwa ya sake karyawa ya nufi sabon ƙasan. A wannan lokacin ne malami zai ce, to a cikin tashar da komai yake shawagi, inda babu sama babu ƙasa, ina saiwar za ta dosa? Yaron da ya ga lanƙwasar da idonsa zai riƙe tambayar, kuma ƙarfin da ƙasa take jan abubuwa da shi ya tashi daga zama jimlar da ake haddacewa don jarrabawa.

Haka ma ruwa. Madatsar Tiga, wadda aka gina a farkon shekarun 1970 zamanin Gwamna Audu Baƙo, tana aiko da ruwa ta babban kanal har gonakin Kadawa ba tare da injin turawa ba, gangara ce kawai take aikin. Yaran wannan yanki sun ga yadda ake nutsa lanƙwasasshen bututu a kanal, a toshe baki ɗaya da tafin hannu, a jefa shi ƙetaren gaɓa, ruwa ya hau tudu da kansa ya sauka cikin gona. Da yawansu sun iya yi tun ba su kai shekara goma ba, amma ba a taɓa ce musu abin da suke yi darasin fiziks ne ba. A nuna musu ɗan bidiyon ɗan sama jannati yana matse jiƙaƙƙen tawul, ruwan ya ƙi zuba ya manne masa a hannu, sannan a tambaye su ko bututun nan zai yi aiki a can, kuma don me. A gaya musu cewa a 2023 NASA ta sanar tashar ƙasa da ƙasa tana iya sake tace kashi 98 cikin 100 na ruwan da ake amfani da shi, har da gumi da fitsari, saboda tsadar kai kowace lita, sannan a ba su aikin auna yawan ruwan da ke ƙafewa daga faranti a rana ɗaya ta watan Maris. Daga sama ma ana ganin gonakinsu. Taurarin Sentinel-2 na Tarayyar Turai, waɗanda aka fara harbawa a 2015, suna ɗaukar hoton kowane wuri kusan duk kwana biyar, ɗigo ɗaya a hoton yana daidai da fili mai mita 10 tsawo da faɗi, kuma kyauta ake samun hotunan a intanet. A hoton watan Fabrairu yankin Kura da Bunkure yakan fito kore shar a tsakiyar busasshiyar ƙasa. Ɗalibin babbar sakandare zai iya gano kanal ɗin garinsu, ya ga inda kore ya yi ƙarfi a kusa da bakin ruwa da inda ya dushe a ƙarshen layi, sannan ya taka da ƙafa ya duba ko kacala ce ta toshe hanya ko kuwa na gaba ne suka shanye.

Yanzu ga ƙorafin da ya fi kowanne nauyi, kuma ba na raina shi. Mai sauraro zai ce ajin da rufinsa ya yaye, yara suna zaune a ƙasa, malami ɗaya yana fama da ɗalibai fiye da ƙima, ina shi ina maganar kumbo? Gwamnatin Kano da kanta ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024, wanda ke nuna cewa matsalar ba ƙirƙira ba ce. Gyaran rufi da samar da kujeru da ɗaukar malamai wajibi ne, babu darasin da zai maye gurbinsu. Amma a lura da abin da na lissafa zuwa yanzu: kwalba, wake, tsumma, faranti, ruler, littafin rubutu, da waya ɗaya mai intanet a hannun malami. Babu wanda zai ci kuɗin kwano ɗaya na rufi. Hasali ma makarantar da ba ta da ɗakin gwaje-gwaje ita ta fi buƙatar irin wannan, domin in ba shi ba ɗalibinta zai kai aji shida bai taɓa auna komai da hannunsa ba. Yaron da yake aji ɗaya bana kuma ba zai tsaya da girma yana jiran a gama gyara ba. Jihar nan ta taɓa yin irin wannan hangen a 1977, lokacin da ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa alhali sauran makarantu ba su gama wadata ba, kuma likitoci da injiniyoyin da suka fito daga can sun isa shaida. Bambancin kawai shi ne waccan dabara ta zaɓi 'yan kaɗan ta tara su wuri ɗaya, wannan kuwa tana iya isa kowane aji, har da na 'yan mata, waɗanda da yawansu ba za a bar su su tafi makarantar kwana mai nisa ba.

Ƙorafi na biyu shi ne cewa irin wannan sha'awa wutar kara ce. A zo da majigi da manyan baƙi, a nuna roka tana tashi, yara su yi tafi, a raba riguna, bayan mako guda komai ya koma yadda yake. Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa ba biki nake kira a yi ba. Abin da ke zama a makaranta bayan baƙi sun tafi shi ne malami. Amurkawa sun gane haka tun 1984 da suka buɗe shirin tura malamin makaranta sama, malamai fiye da 11,000 suka nema. Wadda aka zaɓa, Christa McAuliffe, ta rasu a hatsarin Challenger ranar 28 ga Janairun 1986, amma Barbara Morgan, wadda aka tanada a matsayin madadinta, ta ci gaba har ta tashi a 2007. Mu ba ma buƙatar tura malami sama. Muna buƙatar malamin kimiyya na ƙaramar sakandare, wanda wataƙila shi ma a allo kawai aka koya masa, ya sami kwana biyu ko uku yana yin waɗannan gwaje-gwaje da hannunsa kafin ya tsaya gaban yara, ya ga yadda wake yake ruɓewa idan ruwa ya yi yawa, ya san abin da zai ce idan sakamako ya fito ba yadda littafi ya faɗa ba. Malamin da bai taɓa gwadawa ba tsoron tambaya yake yi, mai tsoron tambaya kuwa hana ta yake yi. A kuma ƙyale yaro ya fara bayyana abin da ya gani da Hausa, in ya fahimta sai a ɗora masa kalmomin jarrabawa.

Akwai kuma iyayen da zuciyarsu ba ta kwanta da batun ba ta fuskar addini, har da masu cewa zuwa sama ƙarya ce. Ba a amsa wannan da gatsali. Musulmi sun je sun dawo: Yarima Sultan bin Salman na Saudiyya a 1985, da Sheikh Muszaphar Shukor na Malesiya a watan azumin 2007, wanda malaman ƙasarsa suka zauna suka rubuta masa jagora kan salla da alƙibla da azumi a can, da Rayyanah Barnawi ta Saudiyya a 2023, wadda ta yi gwaje-gwaje kai tsaye tare da ɗaliban ƙasarta. Al'ummar da take fita duban jinjirin wata, wadda manomanta suka san Kaza da 'Ya'yanta da Gamzaki, ba baƙuwar kallon sama ba ce. Kuma gani ya kori ji. Tashar ƙasa da ƙasa tana tafiya a nisan kimanin kilomita 400 daga ƙasa, tana kuma ratsa samaniyar Kano. A wasu ranaku, bayan magariba ko kafin asuba, ana ganinta da ido ƙuru-ƙuru, haske mai ƙarfi da ba ya ƙiftawa, yana keta sama cikin 'yan mintuna. Akwai manhajar waya ta kyauta da ke faɗin rana da minti da kusurwar da za ta ɓullo. Malami ya rubuta lokacin a allo tun da safe, yara su gaya wa iyayensu, in ta fito a daidai mintin da aka faɗa, kowa ya ga abin da lissafi yake iya yi. Washegari a ba 'yan babban aji tsawon zagayen, kimanin kilomita 42,500, da lokacin da take ɗauka, wajen minti 92, su fitar da gudunta da kansu. Za su samu kusan kilomita 28,000 a awa ɗaya.

Masu iya ɗaukar wannan aiki suna kusa. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru tana da tashar binciken noman rani a Kadawa, a tsakiyar gonakin da muke magana a kansu, kuma gwajin tsirowar iri aikinsu ne na yau da kullum. Jami'ar Bayero tana da cibiyar nazarin noma a ƙasashe masu ƙarancin ruwa, inda ake da masu karanta hotunan tauraron ɗan'adam. Kwalejin Ilimi ta Sa'adatu Rimi da ke Kumbotso ita take yaye da yawa daga cikin malaman da ke waɗannan azuzuwa. Akwai kuma cibiyar koyar da ilimin sararin samaniya ta Afirka da ke Ile-Ife, wadda aka kafa a 1998 da haɗin gwiwar Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma wayar da kan makarantu yana cikin aikinta, sai dai Ile-Ife da nisa, in ba a gayyace su ba da wuya su iso Madobi. Sakataren ilimi na ƙaramar hukuma da shugabannin makarantu su ne za su rubuta takardar gayyatar, ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwan kanal kuma ba za su rasa ba da ɗan fangali ɗaya kusa da makaranta ba. Lokacin farawa ma a bayyane yake. Makon sararin samaniya na duniya yana kamawa daga 4 zuwa 10 ga Oktoba kowace shekara, zangon farko na karatu bai yi nisa ba, kuma a daidai wannan tsakanin ne manoman tumatir suke shirin renon irin rani. Idan aka horar da malaman makarantu biyar ko shida a hutun ƙarshen shekarar karatu, ajin farko zai iya jera ƙwayoyinsa 100 a kan tsumma a makon da iyayensu suke zuba nasu a gadon reno, su kuma kai musu alƙaluman kafin lokacin dashe.